Shafin da Na Tsallake

Magama, Jibiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka Kaduna lafiya, ka kuma samu masauki na mutunci. Allah ya tsare ka a gida da hanya, ya haɗa ka da abokan aiki na ƙwarai, ya raba ka da sharrin hannunka da na wani. Amin.

Yau kwana tara da tafiyarka. Ina ƙirgawa, ko da yake ranar da ka ɗauki jaka ban nuna maka komai ba. Har yanzu in zan dafa shinkafa ta mutum biyu nake aunawa, sai na zuba ruwa nake tunawa. Ƙanwarka Hafsatu tana ɗakinta a Daddara, mahaifinka yana inda Allah ya kai shi, gidan nan kuwa ya yi mini faɗi. Kujerarka ta roba tana nan gindin dalbejiya inda ka bar ta, kaji ne ke hawa.

Shekaranjiya da ka kira ka ce mako mai zuwa za a ba ka aikinka na farko, wato girka manhajar rumbun bayanai a kan sabuwar saba, babbar kwamfutar kamfaninku, abin da na iya cewa kawai shi ne, "To, Allah ya taimaka." Ka san halina. Kai ne na fari, bakina bai taɓa kama sunanka ba, kuma ban saba zama in yi doguwar magana da kai ba. Amma aikin nan na san shi, a kansa na yi kuskuren da ya fi kowanne girma a rayuwata. Takarda ba ta kallon idon mutum, shi ya sa na zaɓe ta.

A cikin ambulan ɗin nan za ka ga wani ƙarami a manne. Ba naka ba ne, na Rahila ne, wadda kuke ce wa Anti. Kun taso kuna jin cewa ɓarna ta yi a wurin aiki aka sallame ta. Ba ita ta yi ɓarnar ba. Ka karanta ka ji yadda aka yi, sannan ka kai mata.

Ka san ofishinmu na ƙungiyar direbobin manyan motoci, ɗakin nan mai rufin kwano kafin a kai shingen bakin iyaka. Bayan rasuwar mahaifinka aka ɗauke ni buga takardu, don an san shi, an kuma ga ina da ku. Na tarar da Rahila a can. Mijinta ma'aikacin gwamnati ne da aka turo bakin iyaka daga kudancin Kaduna, ita kuma ta yi karatun kwamfuta. Mu biyu ne mata a cikin maza wajen ashirin. Ita Kirista, ni Musulma, amma kwano ɗaya muke ci. In na tashi salla ita ke tsare mini tebur, ranar Lahadi da safe ni ke tsare nata. Duk abin da na sani na na'ura, a gefen kafaɗarta na koye shi.

Aikin ƙungiya a lokacin shi ne rajistar direbobi: suna, hoto, lambar mota, garin mutum, da wanda za a kira in wani abu ya same shi a hanya. Namu na nan da na tsallaken iyaka, duk a littattafai suke, gara na ci. Sai aka yanke shawarar sayen babbar kwamfuta, wadda ake kira saba, a zuba komai ciki. Ta Maraɗi aka shigo da ita. Rahila ta zauna ta rubuta yadda za a yi aikin a wani littafi mai jan bango, mataki bayan mataki. Shafin farko ba maganar girkawa a cikinsa sam. A samansa ta rubuta da manyan baƙaƙe: "Kafin a taɓa faifai." A ƙasa ta jera akawun ɗin da za a buɗe wa manhajar ita kanta, da sunan shiga na kowane ma'aikaci, da rukunonin izini, da foldodin da za a tanada da wanda zai mallake su. Ta ce shafin nan kaɗai zai ci kwana biyu.

Ba a kai ga farawa ba aka aiko mata mahaifinta ya rasu. Ta tafi gida, ta bar mini littafin, ta kuma raɗa mini kalmar sirrinta don ko wani abu zai taso, domin a lokacin akawun ɗinta ne kaɗai ke da cikakken iko a kan sabar. Amana ta ba ni.

Kwana huɗu da tafiyarta Ciyaman ɗin ƙungiya ya shigo. Alhaji ne mai kirki, Allah ya jiƙansa, amma jira ba ya cikin jininsa.

"Malama Hajara," in ji shi, "gobe anka ce baƙi za su zo daga Maraɗi. Mi za mu gwada masu? Akwati luluɓe da zane?"

Na ce, "Alhaji, Madam Rahila ta ce sai an yi shiri na kwana biyu."

"Wane shiri kuma? Ba ke ad da littahin ba? Ai ke ma kin iya. Ki kunna muna abin nan yau."

Wallahi ba tsoronsa ne ya tura ni ba, daɗin maganar ne. "Ke ma kin iya." Na daɗe ina son wani ya faɗa mini haka. Na buɗe shafin farko, na ga tsawonsa, na ce a raina wannan duk ƙa'idar 'yan boko ce, zan ɗauki guda ɗaya in bar sauran sai ta dawo. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma duk sauran 'ya'yansa ne.

Don haka ka ji ni da kyau. Ranar da za ka girka manhaja ba ita ce ranar da aikin ya fara ba. Ka zauna da takarda da biro tun kafin, ka rubuta wa zai shiga, da wane suna, me zai iya gani, me zai iya canzawa, me zai iya gogewa. Za su tsaya a kanka suna duba agogo, domin shiri ba ya nuna komai a kan allo, mai kallo gani yake kana zaune. Ka bar su su duba. Ka faɗi kwanakin da kake buƙata tun farko, da bakinka, a gaban wanda ya ba ka aikin. Mai gaggawar nan, ranar da abu ya lalace ba zai tuna shi ya matsa maka ba.

Guda ɗayan da na ɗauka shi ne akawun ɗin manhajar. Na zauna gaban sabar na buɗe shi, na sa masa suna, na zaɓi kalmar sirri: sunan garinmu haɗe da lambar tsohuwar motar mahaifinka, don na san ko ina magagi ba zan manta da ita ba. Abin da ban lura da shi ba, kibod ɗin da ya zo da na'urar na Faransanci ne. Haruffan da suka sauya wuri na gan su da idona, na bi su a hankali. Amma layin lambobi na sama, a irin nasu sai ka danne madannin shif lamba ke fitowa, in ba haka ba wasu alamomi ne masu ƙaho da wutsiya. Gurbin kalmar sirri kuwa ɗigo-ɗigo kawai yake nunawa. Na buga sau biyu, ta karɓa, na yi hamdala. Ashe abin da na'ura ta ajiye daban, abin da ke kaina daban.

Da yake kibod ɗin nan yana ba ni wahala, sai na koma teburina, na shiga sabar daga kwamfutata mai kibod irin namu, na fara girkawa. Aka zo inda manhajar ke tambaya da sunan wa za ta riƙa aiki. Na sa sabon akawun, na buga kalmar. Ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Na karanta lambar motar a bayyane kamar mai tilawa, na buga, ta ƙi. Daga nan ta kulle akawun ɗin gaba ɗaya. Ciyaman yana tsaye bayana yana kaɗa makullin mota. Da na natsu, buɗe shi da sake kalmar aikin minti biyar ne. Ban natsu ba. Na goge sabon sunan, na rubuta "rahila", na sa kalmarta. Nan take ta wuce.

Za ka yi dariya ka ce a Kaduna wa zai ba ka kibod ɗin Maraɗi. Yi dariyarka, na yarda. Amma darasin ba na kibod ba ne. Duk akawun ɗin da ka buɗe, ka gwada shi kafin ranar aiki, daga na'urar da za a yi amfani da shi, ba daga inda ka ƙirƙire shi kaɗai ba. Kalmar sirri kuma kada ka ɗauko ta daga zuciyarka yadda na yi. Lambar motar ubanka rabin tasha sun san ta. Ka yi doguwa wadda ba ta da dangi, ka rubuta ta a fili ka gani da idonka, a rufe ta a ambulan, a ajiye inda mutum biyu masu alhaki suka sani. In abu ya ƙi ka sau biyu, ka ɗauke hannunka, ka tashi ka sha ruwa.

Babbar maganar kuma ita ce wannan: manhaja ba ta aiki da sunan ɗan Adam. Ba da naka ba, ba da na maigidanka ba, ba da na abokinka da ya ba ka amana ba. A buɗe mata nata na kanta, wanda ba mutumin da zai zauna ya shiga da shi. Ka ɗauke ta kamar ɗan haya, ɗakinsa za ka ba shi makulli, ba gidan duka ba. Ta mallaki foldar bayananta, da ta rajistar abin da ke gudana, da ta kwafin ajiya, shi ke nan. Ka tambayi masu kula da tsarin wurinku ko kalmomin sirri suna ƙarewa bayan wani lokaci, kada wata safiya a wayi gari rumbu ya tsaya ba wanda ya san dalili. Shi kuma babban ikon da za a ba ka don ranar girkawa, aro ne. Ka gama, ka mayar, ka koma ƙaramin akawun ɗinka na yau da kullum.

Baƙi suka zo washegari, aka nuna musu hoton direba yana fitowa da danna madanni ɗaya, suka yi ta mamaki. Ciyaman ya ce ni jaruma ce. Da aka zo zuba sunaye, ma'aikata huɗu ke buƙatar shiga, ni kuwa ban buɗe wa kowa nasa ba. Sai na rubuta sunan Rahila da kalmarta a 'yar takarda, na manna a gefen kowane allo. Amanar da aka raɗa mini a kunne, na liƙa ta a bango.

Da ta dawo, da baƙin zanen makoki a jikinta, ta tsaya tana kallon takardun nan. Ba ta ɗaga murya ba.

"Hajara, me kika yi mini haka?"

Na ce, "Ai na ɗan lokaci ne, kafin ki dawo."

Ta ce, "To na dawo. Mu gyara."

Gyaran yana buƙatar a tsayar da aiki kwana biyu, a kuma raba mutane rukuni uku: masu dubawa kawai, masu shigarwa da gyarawa, da masu cikakken iko, waɗanda ta ce kada su wuce biyu. Ta sa Ciyaman da sauran dattawa a rukunin masu dubawa, tunda ba su shigar da komai. Ta ce ni in kai masa takardar, don ni 'yar gari ce, zai fi jin maganata. Na karanta masa. Ya cire tabarau.

"Ni za a ce akwai inda ban iya taɓawa cikin ohishina? Ke ɗiyata, haka anka koya maki? Abu na aiki lahiya lau, a bar shi yadda yake."

Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji." Na dawo na ce wa Rahila a bari sai ya sauko. Bai sauko ba, ni ma ban sake tayar da maganar ba. Ita ta yi ta tunatarwa har aka fara ce mata mai fitina, ta gaji ta yi shiru. Ta so ta canza kalmarta, sai ta ga in ta canza rumbun zai tsaya, tunda da ita yake numfashi. Na ɗaure ta da sunanta.

Wannan kunyar tamu abu ce mai kyau a tsakar gida, amma a gaban saba takan yi ɓarna. Kai ma jininmu ne, na san za ka ji nauyin ce wa mai furfura ikonsa dubawa ne kawai. Abin da ya kamata in gaya wa Alhaji a ranar, wanda sai daga baya ya zo mini, shi ne: "Ba hana ka aka yi ba, kare ka aka yi. Wanda ba ya iya gogewa, ba za a taɓa cewa shi ya goge ba." Ka faɗa musu haka cikin ladabi, kana durƙushe ma in ka so, amma kada ka canza takardar. Ka ba da izini ga rukuni, ba ga fuska ba, don in ka fara duba fuska ba za ka iya hana kowa ba. Kuma kowa da sunansa. Mutum biyu ba sa shiga da suna ɗaya, ko da uwa ɗaya ta haife su.

Yanzu ga wurin da alƙalamina yake nauyi.

Ka san mutanenmu na iyaka, mutum ɗaya suna biyu. Wanda katinsa na can ya rubuta Issoufou, mu nan Yusufu muke rubutawa. Mahamadou da Muhammadu, Abdoulaye da Abdullahi. Rumbun ya cika da mutum ɗaya sau biyu. Wata ranar Laraba da hantsi, ofis ba kowa, Rahila ta kai ɗanta asibiti, na ce bari in yi abin kirki in share maimaicin. Na rubuta umarnin da nake zaton zai cire masu rubutun Faransanci da ke da tagwaye. Na manta sharaɗin tagwayen. Na danna. Da a ce da ƙaramin akawun na mai shigarwa nake, da na'ura ta ce ba ni da izini, da maganar ta ƙare a nan. Amma da sunan Rahila nake, mai iko a kan komai. Cikin ƙiftawar ido duk direbobin tsallake suka ɓace.

Na ruga foldar kwafin ajiya. Fayau. Tana cikin abubuwan shafin farko da ban shirya ba. Ban taɓa nuna wa manhajar inda za ta ajiye kwafi ba, ban kuma taɓa leƙawa ba. Tsofaffin littattafan kuwa an kai su sito, ruwan damina ya gama da su. Na zauna. Na ce zan riƙa mayar da su kaɗan-kaɗan in sun zo wucewa, ba wanda zai sani. Na rufe bakina.

Kwana shida bayan haka wata mota ta faɗi a hanyar Katsina. Direban ɗan tsallake ne, saurayi, shi kaɗai a ciki, takardunsa sun ƙone. Aka zo ofis da lambar motar a nemi wanda za a kira. Babu shi. Aka yi ta cigiya har rana ta yi, dole aka yi masa sutura a nan. Sai bayan kwana uku mahaifiyarsa ta ji. Na gan ta da ta zo, 'yar tsohuwa da buta a hannu, tana tambaya a nuna mata kabarin. Ba ta zagi kowa ba. Cewa kawai ta yi, "Ai ya ce mini ya ba ku lambar ƙanena."

Ƙungiya ta ɗauko wani masani daga Katsina ya bincika. Rajistar na'ura ta nuna rana, ta nuna lokaci, ta nuna suna: rahila. Aka tara mu. Ta ce a wannan lokacin tana asibiti, kuma kowa a ɗakin nan yana da kalmarta. Ciyaman ya ce, "Na'ura ba ta ƙarya. Sunan wa ta kira?" Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko akwai wanda ya san wani abu. Da ya zo kaina, Rahila ta juyo ta dube ni. Ta san ni kaɗai na iya rubuta irin wannan umarni, tunda ita ta koya mini. Na tuna ku biyu, na tuna ba ni da kowa, na ce, "Ban sani ba, Alhaji."

Ba ta tona ni ba. Ta ɗauki jakarta da kofin shayinta ta fita. Littafin mai jan bango ta bar shi a kan teburina, ban sani ba ko mantuwa ce. Kafin wata ya ƙare mijinta ya nemi canjin wurin aiki, suka bar Jibiya. Ban je sallama ba.

Ranar da aka sallame ta, Ciyaman ya sa masanin ya rufe akawun ɗinta. Washegari aka kunna saba, rumbu ya ƙi tashi. Direbobi sun yi layi har bakin titi. Aka yi ta lalube, sai ni na ce a hankali a buɗe sunan nan tukuna. Aka buɗe, komai ya dawo. Sun kori matar, sun riƙe sunanta yana yi musu aiki.

Daga baya na buɗe wa kowa nasa, na raba rukunonin nan uku, na gyara kwafin ajiya, duk daga shafinta na farko, aka yi ta yaba mini. Abu ɗaya ne na kasa taɓawa, shi ne sunan da rumbun ke aiki da shi. An sauya na'ura, na kwashe shi na kai sabuwar. Nakan ce wa kaina tsoron kada wani abu ya lalace ne. Ƙarya nake yi. Kowace safiya in na duba ko rumbu ya tashi, sai in ga "rahila" a gefen allo, in ji kamar tana ɗaya teburin. Tun tafiyarta ban sake cin abinci da kowa a ofis ba. Mata sun zo sun tafi, ban bari wata ta matso ni ba, don na san abin da na yi wa wadda ta matso.

Shawarata a nan ba ta na'ura ba ce. Za ka yi kuskure, duk wanda ke taɓa rumbu sai ya yi. Ranar da ka yi, ka tashi a lokacin, ka je ka faɗa. Da na yi magana ranar Larabar nan, da an baza sanarwa a tasha an sake rubuta mutane cikin kwana biyu, da tsohuwar nan ta ga fuskar ɗanta. Gogewar kuskure ce. Shirun ba kuskure ba ne, zaɓa na yi. Kuma in ka ga rajistar na'ura ta kira sunan wani, kafin ka yarda ka tambaya mutum nawa ke riƙe da makullin sunan nan.

Bayan wayarka ta shekaranjiya na kasa zama. Na ce ta yaya zan gaya maka ka ba kowane aiki sunan mai shi, alhali ni ina ɓoye a bayan na wata? Jiya da safe na je ofis kafin kowa. Na buɗe littafin, shafin farko, na bi shi layi-layi yadda ya kamata in yi tun farko. Na buɗe wa manhajar akawun nata, na gwada shi daga tebur biyu, na mallaka mata foldodinta, na mayar da rumbun kansa. Ya tashi lafiya lau. Sannan na rufe na Rahila da hannuna. Duk aikin bai kai awa ɗaya ba, ka ji abin da na yi shekaru ina gudu.

Da azahar na samu sabon Ciyaman da dattawan kwamiti, cikinsu akwai biyu da suke wurin ranar da aka tara mu. Na faɗa musu komai a tsaye. Ɗaya ya ce, "Hajara, mi ya kai ki tono abin da ya wuce?" Na ce bai wuce ba, Baba, kullum da safe ina ganinsa. Sun ce za su zauna ranar Asabar su yanke abin da za a yi da ni. Na roƙe su abu guda, ko sun bar ni ko sun sallame ni, a rubuta a takardar ƙungiya cewa Rahila ba ta da laifi, a karanta a taron direbobi. Sun amsa. Kada ka damu da ni, kuma kada ka ce za ka dawo. Ina da keken ɗinkina, ina da lafiyata.

Yau da safe na duba allo, sunanta ba ya nan. Ban taɓa jin ofishin nan shiru kamar yau ba, ga kuwa motoci na ta ruri a waje. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Direban da zai kawo maka wannan takarda shi ya ga Rahila a Kaduna, tana koyar da yara kwamfuta a wani shago, zai nuna maka wurin. Ka je da kanka, da rana, ka gaishe ta a durƙushe, don ita ta fara ɗora yatsunka a kan kibod. Ka miƙa mata ambulan ɗin da littafin, na naɗe shi a cikin zanen da ke ƙasan kwalin da na haɗo maka da wannan takarda. Kilishin da ke ciki naka ne. In ta karɓa, alhamdu lillahi. In ta ƙi, kada ka roƙe ta, tana da gaskiya. Ka ce mata kawai sunanta ya sauka daga aiki, kuma an wanke shi. Kafin ka ba ta littafin, ka kwafe shafin farko da hannunka.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka ci abinci, kada ka zauna gaban allo da yunwa. Ka kira ƙanwarka, tana cigiyarka. Maƙwabta duk suna gaishe ka.

A ƙasan takardar Rahila na sa sunana cikakke, don wannan karon aikin ya tafi da sunan mai shi. Tunda na fara, bari in ƙarasa. Allah ya tsare ka, ya tsare mutuncin duk wanda zai ba ka amanar sunansa, ya dawo mini da kai lafiya, Sulaimanu.

Na daɗe ina kallon sunan nan naka a kan takardar. Ban goge ba.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hajara.